Sunan da Aka Rubuta da Fensir

Sati uku da komawar Lauya fili, babu wadda ta taɓa ko gefen rigarta. Da farko ta ɗauka ƙwarewa ce. Wata tara ta yi tana jinyar gwiwa, ga shi ta dawo tana ratsa 'yan baya kamar wuƙa a cikin sabulu, ƙwallo bakwai ta jefa a raga cikin atisaye shida. Kullum in ta koma gida sai ta ce wa mahaifiyarta, "Mama, yau ma na ci." Mama ta ce, "To Auta, Allah ya ƙara," ta ci gaba da gugarta.

Lauya ba lauya ba ce. Lissafi take karantawa a jami'a, tana aji uku. Sunan ya bi ta ne saboda ta haddace dokokin wasa kaf, kuma babu alƙalin wasan da zai hura mata usur ba ta karanta masa babi da layi ba. Kati uku ta taɓa sha a kan baki kawai.

Ran Litinin, bayan an tashi daga atisaye, Baba Koci ya yafito ta da hannu. Ofishinsa ɗakin ajiye kaya ne: buhu biyu na ƙwallaye, tsohuwar raga a kusurwa, famfon hura iska, da tebur mai ƙafa uku wanda bulo ya tsaya masa a ta huɗun. Tsoho ne siriri, usur a wuyansa kullum, har 'yan ƙungiyar suna rantsuwa da shi yake wanka. Ya juyo mata da wata takarda. Takardar rajista ce, layi ashirin da biyu, wadda za a kai ofishin shirya gasa ran Juma'a da safe. Duk wadda sunanta bai shiga ba, sai dai ta kalli kakar wasa ta bana daga cikin 'yan kallo. Suna ashirin da ɗaya an rubuta su da biro. Nata ne na ƙarshe, da fensir.

"Baba, biron ne ya ƙare?"

"Biro yana nan da ransa."

"To me ya sa ni kaɗai fensir?"

"Saboda ban ga wasanki ba tukuna."

Ta yi 'yar dariya. "Ƙwallo bakwai, Baba. Ko ka bar tabarau a gida ne?"

"Na gan su, 'yata. Na kuma ga yadda ake dare miki hanya kamar motar asibiti." Ya ja kujera ya zauna. "Likita ya ce gwiwa ta warke, ga takardarsa nan, na yarda. Amma shi a kan gado ya gwada ta. Ranar wasa 'yan wata ƙungiya ba su san ki ba, ba su zo gaishe ki da jiki ba. Ta farko da za ta iso ki za ta kwashe ki ke da ƙwallon gaba ɗaya. Ba na son ranar ta zama ranar farko da za ki faɗi. So nake in ga kin sha ƙasa a nan, a gabana, kin tashi kin sake neman ƙwallo."

"To ka ce su tare ni mana. Kai ne koci."

"Sau biyu na faɗa. Suka ce to. Kin dai ga abin da suka yi da to ɗin. Ni kuwa ba zan nuna gwiwar 'yar mutane in ce wa wata je ki daka ba, ban yi wannan tsufan ba." Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Atisaye biyu ya rage, gobe da Alhamis. Akwai sabuwar yarinyar nan tana jiran layin. Fensir gogewa ake yi."

Ta fito ba ta ce masa sai gobe ba. A hanya, a cikin motar haya, ta dinga dawo da ƙwallayen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba takardar jarrabawa. Ta tuna Kyaftin ta miƙo ƙafa ta janye. Ta tuna wata ta zame da gangan. Kafin ta sauka, kunya ta gama cin ta, fushi ya hau kan kunyar ya zauna.

Ba don a dare mata hanya ta yi wata taran nan ba. Ita ta san abin da ta gani. Bayan aikin da aka yi mata, ƙafar ta koma kamar ta aro, siririya, ba ta jin magana. Gidansu a hawa na biyu yake, matakala goma sha huɗu, kuma ranar farko da ta ce za ta sauka da sanduna, rabin awa ta yi, Mama na biye da ita da hannu a buɗe kamar mai tarbar yaro. Ta cika gorar ruwa da yashi ta ɗaura a idon sawu tana ɗagawa sau ɗari safe da yamma. Mai gashin ƙashi yana lanƙwasa gwiwar, ita tana cizon tawul don kada majinyatan da ke bayan labule su ji muryarta. Da sanduna ta rubuta jarrabawar ƙarshen zango, ta kuma ci. Da gwaggonta ta zo dubiya ta ce ai wannan ishara ce ta haƙura da guje-gujen nan, sai ta ce, "Gwaggo, ƙafa biyu aka ba ni, ɗaya ce ta tafi hutu." Da 'yan ƙungiya suka zo a satin farko suka jeru a bakin gado da jajayen idanu, ta kore su. "Nan ba gidan makoki ba ne," in ji ta. "Duk mai kuka ta yi a ƙasa kafin ta hawo."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa hawowa ba. Tirela, 'yar bayan da duk garin ke tsoro, mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Ita ce ta shiga wa Lauya a atisaye ranar da jijiyar ta tsinke. Shiga ce mai kyau, ƙwallo ta fara taɓawa, ko Lauya da bakinta ba ta sami dokar da za ta karanta mata ba. Takalmi ne ya maƙale a ƙasa, jiki ya juya, gwiwa ta ƙi bi.

Kuma Tirela ce abokiyar igiyarta. A ƙungiyar nan babu mai ɗaura wa kanta igiyar takalmi. Tun zamanin da Baba Koci ya kafa ta, kowace yarinya yakan haɗa ta da wata, su durƙusa wa juna kafin a fita fili, wannan ta ɗaura wa waccan, waccan ta ɗaura wa wannan. Yakan ce wadda ta durƙusa a gabanki da safe ba za ta bar ki a baya da yamma ba. Shekara huɗu Tirela tana ɗaura mata, ɗauri irin na mai ɗaure kaya a kan mota, har sai Lauya ta ce, "Ke, ƙafa ce, ba buhu ba." Tun da ta dawo kuwa, Tirela takan durƙusa ne kai a ƙasa, ta ja igiyar a hankali kamar mai naɗe ƙwai, ta tashi ba magana.

Duk tsawon jinyar, kullum da ƙarfe huɗu, Tirela takan zo ƙasan bene da dunƙulen ƙanƙara a cikin buhu daga shagon kawunta, ta miƙa wa Mama ta juya. Lauya tana jin muryarta ta taga. Ba ta taɓa leƙawa ta ce ta hawo ba. A ganinta wadda take son hawowa ta san inda matakala take.

Ran Talata ta shiga ɗakin sauya kaya ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

"Wa ya shirya abin?"

Kyaftin, wadda malamar firamare ce mai 'ya'ya biyu, ta ci gaba da naɗa bandeji a ƙafarta. Can ta ce, "Ni ce. Mun zauna kafin ki dawo. Muka ce wata guda, a bar ki ki sami ƙafa."

"Kun zauna a kaina, babu ni."

"Ai da kina nan da har yanzu ba a tashi daga zaman ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Doguwa mai tsaron raga ta ɗaga safar hannunta kamar mai neman izini a aji. "Tunda ranar wanka ce, ni ma biyu daga cikin bakwai ɗin nan na gan su sarai, na ce su wuce abinsu."

"Biyu?"

"To, uku."

Lauya ta gaya musu zancen fensir. Dariya ta ɗauke. Ta ce, "Kun so ku taimake ni, kun kusa cire ni daga ƙungiya. Ba na neman alfarma. Yadda kuke yi wa kowa nake so ku yi min. Wadda ta sake janye min ƙafa, ni da ita har abada."

Duk suka ce to. Tirela tana can ƙarshen benci tana duba ƙasan takalminta kamar an rubuta wani abu a wurin.

A fili, to ɗin nan ya zama abin dariya. Kyaftin ta doke ta da kafaɗa, sannan ta riƙo hannunta don kada ta faɗi. Wata ta zare mata ƙwallo ta ce, "Yi haƙuri." Sabuwar yarinyar, da ba ta san komai ba, ta taho da gudu da gaske, sai murya uku suka daka mata tsawa lokaci guda, ta tsaya cak. Baba Koci yana gefe hannu a baya, bai hura usur ba. Da aka tashi, rigar Lauya tana nan fes kamar yanzu aka sauke ta daga igiyar shanya.

Laraba babu atisaye. Daga lacca ta wuce kai tsaye shagon ƙanƙara, wanda ba ta taɓa shigarsa ba duk shekarun nan. Ɗaki ne mai duhu-duhu, manyan firji huɗu suna gurnani, ƙasa jiƙe, buhuna a jibge. Tirela tana tsaye da rigar leda da ƙaramin gatari, tana raba wa wani mai sayar da lemo dunƙule biyu. Da ya fita, ta ga wadda ke bakin ƙofa, ta ajiye gatarin.

"Ƙasan da santsi," in ji ta. "Ki bi a hankali."

"Kin ga irinta ko? Ko sannu da zuwa babu, sai ki bi a hankali." Lauya ta shigo ta zauna a kan wani akwati. "Gobe ke nake so ki tare ni. Sauran ba za su iya ba, kuma ko sun yi, Baba ba zai yarda ba. Ya san in ke kika kayar da mutum, ita ce kayarwa."

"Ki nemi wata."

"Tirela, wata tara."

"Na sani. Ni na ƙirga su." Ta goge hannu a rigar ledar. "Ke ba ki ji ƙarar da gwiwar ta yi ba, kina ihu. Ni na ji. A nan kusa da kunnena." Ta nuna ƙanƙarar da ke kan katako. "In na sara wannan ta rabe, irin ƙarar ke nan. Sau hamsin nake jin ta a rana. Kawu ya ɗauka sanyi ne yake sa ni fita waje."

Lauya ta zo da hujjoji a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kuma babu wadda ta dace da wannan. Sai ta ɗauko wadda ta fi sauƙi. "To saboda kina jin tsoro sai ni in rasa kaka guda?"

Tirela ta ɗago kai, karo na farko cikin sati uku ta dube ta ido cikin ido.

"Ni kaɗai ce mai tsoron?"

"Me kike nufi?"

"Ta wane gefe kike wasa shekara huɗu?"

"Hagu."

"Ni ina nake tsayawa?"

Lauya ta kawar da ido.

"A gabanki nake tsayawa. Tun da kika dawo, sau nawa kika biyo ta hagu? Kina karɓar ƙwallo sai ki sulale dama, wajen Kyaftin. Ni ban gudu ba, ina nan inda Baba ya ajiye ni. Sati uku ina jiran ki ina addu'ar kada ki zo, ke ma ba ki zo ba." Ta ɗauki gatarin ta sake ajiyewa. "Kina tsammanin Baba bai gani ba? Ba saboda mu kaɗai ya rubuta sunanki da fensir ba."

Firji suka ci gaba da gurnani. Lauya ta tuna ƙafarta tana karkata dama da kanta, ba tare da ta aike ta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ita ta yi sati uku tana tsalle tana kiran abin gwaninta.

Ta miƙe ta gyara jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Gobe ta hagu zan biyo."

"Allah ya kai mu," in ji Tirela, a muryar da ba ta yi alƙawarin komai ba.

A gida ta tarar da Mama tana ninke kaya. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta miƙe ƙafar hagu, tana shafa tabon aikin da yatsa.

"Mama, in na sake karyewa fa?"

Mama ba ta daina ninki ba. "Sandunan suna nan bayan ƙofa, ban bayar ba. Matakala ma ba ta ƙaru ba, goma sha huɗu ce." Ta ɗora riga a kan 'yar'uwarta. "Ni dai abin da ba zan iya ba shi ne ki zauna min a gida shekara guda da lafiyarki kina gardama da rediyo."

Ran Alhamis rana ta fito da zafinta. A ɗakin sauya kaya kowa ta nemi abokiyar igiyarta. Lauya ta fara durƙusawa, ta ɗaura wa Tirela, ta ja har sai da fatar takalmin ta yi ƙara. Sannan ta zauna ta miƙa ƙafa. Tirela ta durƙusa, ta soma ja a hankali yadda ta saba kwanan nan.

"Wannan ɗaurin na zuwa biki ne," in ji Lauya. "Kwance."

Tirela ta kwance, ta sake.

"Kwance. In takalmin ya fita a fili, ke za ki bi shi."

A karo na uku Tirela ta naɗe igiyar a hannu biyu, ta ja da haushi. Lauya ta ji yatsunta sun haɗe wuri guda.

"Ke, ƙafa ce, ba buhu ba."

Doguwa ta ce daga can, "An dawo." Tirela ba ta yi dariya ba, amma kunnuwanta sun motsa.

Baba Koci ya raba su gida biyu, masu riga ja da masu shuɗi, ya ce minti ashirin-ashirin, shi ne alƙali. Lauya a ja, Tirela a shuɗi. Takardar tana naɗe a aljihun gaban rigarsa, kowa yana ganin kanta.

Ƙwallon farko da ya zo mata, ƙafarta ta so ta karkata dama. Ta ji abin sarai a wannan karon, kamar ana jan ta da zare. Ta danne, ta tura ƙwallon hagu, ta bi layi. Tirela ta taso, ta zo daf, sai ta fara ja da baya, tana ja, tana ja, har ta buɗe mata hanya zuwa raga.

Lauya ta taka ƙwallon ta tsaya.

Ta tsaya cak a wurin, ƙafa ɗaya a kan ƙwallo, hannu a ƙugu. 'Yan ja suna kiran ta ta bayar, ba ta ko waiwaya ba. Ga raga a buɗe, Doguwa tana tsakiya tana kallon ikon Allah.

"Ba zan wuce ba," in ji ta. "In kina so mu kwana a nan, mu kwana. Ni na saba zama wuri ɗaya, wata tara na yi."

"Ki wuce mana."

"Zo ki karɓa. Ko sai na aiko miki da takardar gayyata? Tirelar da ba ta da inji ai shago ce."

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Baba Koci ya duba agogonsa, ya ce ba da kowa ba, "Lokaci dai yana tafiya." Tirela ta matso ta sa ƙafa a hankali, Lauya ta ja ƙwallon baya da tafin takalmi, ta zura shi ta tsakanin ƙafafunta, ta zagaya ta karɓa, sannan ta sake takawa ta tsaya tana jiran ta. A duk duniya babu abin da Tirela ta tsana kamar a zura mata ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Fili ya ɗauki "ehe". Lauya ta mayar da ƙwallon baya wa 'yar tsakiya, ta koma wurinta tana tafiya kamar mai yawon shan iska.

Minti uku bayan haka aka jefo mata dogon ƙwallo ta hagu. Ya yi mata nisa kaɗan, irin wanda mutum biyu suke isa lokaci guda. Ta ga Tirela ta taho, kuma ta ga wannan tahowar daban ce, kai a ƙasa, kafaɗa a gaba, ƙasa tana amsawa. Akwai daƙiƙa guda da za ta iya ɗaga ƙafa ta bar ƙwallon, babu mai zargin ta. Ta dasa ƙafar hagu ta shiga.

Ba ta san yadda aka yi ba, sai ganin sama ta yi, sannan ƙasa, sannan ciyawa a bakinta.

Babu wanda ya yi motsi. Tana kwance rub da ciki tana jin bugun zuciyarta a kunne. Ba ta tashi nan da nan ba, ta tsaya tana saurare, kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Akwai zafi, amma ina? Gwiwar hannu tana raɗaɗi. Ƙugu ya bugu. Leɓe ya fashe. Ta aika hankalinta can ƙasa, wajen tabon, ta lanƙwasa ƙafar a hankali, ta miƙe ta. Gwiwa ta lanƙwashe, ta miƙe, ba ta ce komai ba. Gwiwa ce kawai, irin ta kowa.

Wani abu da ya yi wata tara a ƙulle a ƙirjinta ya kwance, har sai da ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta goge da ciyawar da komai, ta juyo. Tirela tana durƙushe a gefenta, hannu biyu a ka.

Lauya ta tofar da ciyawa, ta dafa ƙasa ta tashi da kanta. Ta juya wajen Baba Koci ta ɗaga hannu.

"Alƙali, wannan fa? Ƙafa biyu ta shigo da su. Doka ta ce..."

"Ƙwallo ta fara taɓawa," in ji Baba Koci. "A ci gaba."

"Wallahi Baba ka bar tabarau a gida."

"Ki ƙara kalma ɗaya ki ga kati."

Sai a lokacin fili ya saki numfashi. Kyaftin ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share ido. Doguwa ta buga safar hannunta a turken raga. Lauya ta miƙa wa Tirela hannu. "Tashi, kina ba mu kunya. Ni aka kayar, ke ce a ƙasa." Tirela ta kama hannun, nauyinta ya kusa mayar da su ƙasa su biyun.

Ba a gama ba, kuma Lauya ta sani, domin tsohon cewa ya yi ta tashi ta sake neman ƙwallo. Ta sake biyowa ta hagu sau huɗu. Sau biyu Tirela ta zare mata, sau ɗaya Kyaftin ta tura ta waje da kafaɗa ba tare da ta riƙo hannunta ba, sau ɗaya ta wuce ta buga, Doguwa ta kama ta ce, "Yau kam ba wucewa." Ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. Da aka hura tashi, rigarta ta koma kalar fili, kuma ba ta tuna ranar da ta ji daɗin wasa kamar yau ba.

Baba Koci bai kira ta ofis ba. A nan gefen fili ya zaro takardar, ya ɗora a bayan Doguwa, ya ce ta tsaya kyam. Ya ciro bironsa, ya gwada, ya girgiza, ya hura masa iska, ya goga a tafin hannu. Biro ya ƙi.

"Ashe dai ba ya nan da ransa," in ji Lauya. Ta je jakarta ta ɗauko nata na lacca ta miƙa masa. Ya bi kan fensirin harafi bayan harafi, a hankali, yana fito da harshe gefe kamar ɗan aji ɗaya. Ya naɗe takardar, ya sa ta a aljihu, ya sa biron ma.

"Baba, birona."

"Shi ne katinki na yau," in ji shi, ya wuce.

Da ƙarfe huɗu tana zaune a ɗaki Mama tana shafa mata magani a gwiwar hannu tana mita a kan rigar da ba za ta fita ba sai an jiƙa ta kwana biyu. Sai ga ƙaramar muryar nan daga ƙasan bene tana sallama. Mama ta yunƙura za ta tashi. Lauya ta riga ta, ta je taga ta leƙa. Tirela tana tsaye da buhu a kafaɗa, ruwa yana ɗiga a bayan rigarta.

"Ke da kika ji min ciwo, Mama ce za ta sauko miki? Hawo da shi."

Tirela ta dubi matakalar, ta gyara buhun.

"Nawa ce?"

"Goma sha huɗu. Ta tara tana da tsaga, ki bi a hankali."